GUMIN LEBURA DA ALHAKIN MAI SAYE: DARASI DAGA GONAKIN AUDUGAR UZBEKISTAN

  

A cikin wasiƙun da suka iso wa wannan fili a makon jiya akwai ta wani ɗan'uwa attajiri, mai fitar da riɗi zuwa ƙasashen waje. Ya ce kamfanin da ke sayen kayansa ya aiko masa da wata doguwar takarda, ana neman ya sa hannu cewa babu aikin tilas a duk hanyar da riɗinsa ya biyo, tun daga gona har bakin jirgin ruwa, kuma ya yi alkawarin zai koya wa yaransa da dillalansa yadda ake gane shi. Ya ce shi dai bai taɓa ɗaure kowa ba, bai kuma taɓa cin kuɗin ɗan dako ba. To, shin wannan abu ne da addini ya ɗora masa, ko kuwa wata sabuwar fitina ce ta Turawa, ya sa hannu kawai ya wuce?

Amsarmu a taƙaice ita ce, kada ya sa hannu a kan abin da bai sani ba, domin wannan shaidar zur ce. Kada kuma ya yar da takardar, domin abin da ake nema daga gare shi ya riga ya hau kansa tun kafin a rubuta ta. Ga bayani.

MENE NE AIKIN TILAS?

Da yawa daga cikinmu in an ce aikin tilas sai mu hango mutum da sarƙa a ƙafa, da mai bulala a bayansa. Na wannan zamani ba kasafai yake zuwa da wannan kama ba. A shekarar 1930 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta tsara yarjejeniya ta 29, wadda Nijeriya ta amince da ita a 1960, inda ta tsayar da ma'anarsa a kan abu biyu: mutum ya kasance bai ba da kansa ga aikin da son ransa ba, kuma akwai wata uƙuba da ake tsoratar da shi da ita in ya ƙi yi ko ya nemi bari. Uƙubar tana iya zama duka, tana iya zama kora, ko riƙe albashi, ko ƙwace fasfo, ko barazanar miƙa baƙo ga 'yan sanda. A 2014 aka ƙara wa yarjejeniyar ƙarfi da wani sabon ƙa'idar, kuma Jamhuriyar Nijar ce ƙasa ta farko a duniya da ta amince da shi, a 2015.

Ƙididdigar da ƙungiyar ta fitar a 2022 ta nuna cewa a shekarar 2021 mutum miliyan 27 da dubu 600 ne ke cikin aikin tilas a duniya, fiye da miliyan 3 daga cikinsu yara ne, kuma kashi 86 cikin 100 a hannun 'yan kasuwa da ɗaiɗaikun mutane suke, sauran a hannun hukumomi. A 2024 ta ƙiyasta haramtacciyar ribar da ake ci daga wannan zalunci da dala biliyan 236 a kowace shekara. Wannan gumi kuwa ba ya tsayawa inda aka tatse shi. Yana shiga cikin auduga da kifi da bulo da ma'adinai, ya bi hannu zuwa hannu, har ya iso kantin mutumin kirki wanda bai san hawa ba, bai san sauka ba.

ABIN DA YA FARU A ƘASAR IMAMU BUHARI

Ƙasar Uzbekistan tana tsakiyar nahiyar Asiya. A cikinta Buhara da Samarƙandu da Tirmiz suke, watau mahaifar Imamu Buhari da Imamu Tirmizi, Allah Ya yi musu rahama. Tun zamanin Tarayyar Sobiyet aka mai da ita gonar auduga, kuma bayan ta sami 'yancin kai a 1991 tsarin bai sake ba. A wancan lokaci gwamnati ce ke yanke yawan audugar da kowane lardi zai kawo, ita ce kuma ke saye a farashin da ta ga dama. Gwamnan lardi ya raba wa hakiman gundumomi, su kuma su raba wa shugabannin makarantu da na asibitoci da na ofisoshi: kai ka kawo mutum kaza, kai ka kawo kilo kaza. Da kaka ta yi, daga watan Satumba zuwa Nuwamba, sai a kwashe 'yan makaranta da malamansu, da likitoci da ma'aikatan jinya da akawuna, a kai su gonaki tsinkar auduga. Wanda ya ƙi, in ma'aikaci ne a tsorata shi da kora, in ɗalibi ne a tsorata shi da sallama. Mai hali ya ɗauki wani da kuɗin aljihunsa ya yi masa.

A wancan lokaci audugar nan ana gurje ta a sayar wa masaƙu a ƙasashe irin su Bangladesh da Sin, a gauraya ta da ta wasu wurare, a kaɗa, a saƙa, a rina, a ɗinka. Kafin riga ta isa kanti ta wuce hannu biyar ko shida, kuma kowane hannu bai san kowa ba sai wanda ya miƙo masa.

A 2007 wata gamayya ta masu kare haƙƙin ɗan Adam da ƙungiyoyin ƙwadago da masu zuba jari, mai suna Cotton Campaign, ta tashi a kan maganar, har kamfanonin tufafi fiye da 300 suka yi alkawarin ba za su yi amfani da audugar ƙasar da saninsu ba. Daga 2012 gwamnati ta janye hannu daga kwasar ƙananan yara, amma da yake adadin da aka yanke wa kowane lardi yana nan, sai nauyin ya koma kan manya. Da masu sa ido suka fara zuwa, sai aka riƙa sa mutane su rubuta takarda cewa da son ransu suka zo, a kuma koya musu abin da za su faɗa wa baƙi. A lura da wannan da kyau: takardar sa hannu ta samu, zaluncin kuwa bai gushe ba.

Sauyi na gaskiya ya zo ne bayan rasuwar Shugaba Islam Karimov a 2016, sa'ad da Shavkat Mirziyoyev ya gaje shi. A watan Satumba 2017 aka ba da umarni a dawo da ɗalibai da malamai da ma'aikatan asibiti daga gonaki. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta riƙa sa ido a kan kakar auduga daga 2015 bisa yarjejeniya da Bankin Duniya, ta yi ta koyar da jami'ai da sufetocin ƙwadago da masu sa ido na cikin gida. Aka buɗe layukan waya na kai ƙara, aka riƙa cin tarar jami'an da suka tilasta wa mutane, aka yi ta ƙara ladan tsinka shekara bayan shekara. A watan Maris 2020 aka soke tsarin yanke wa larduna adadi. Da aka zanta da masu tsinka 11,000 a kakar 2021, daga cikin kimanin mutum miliyan 2 da ake ɗauka kowace kaka, sai aka tarar kashi 99 cikin 100 sun zo ne da son ransu. A watan Maris 2022 gamayyar nan ta janye ƙauracewarta, tare da gargaɗi cewa da sauran aiki wajen 'yancin ma'aikata na kafa ƙungiya da kuma kare manoma.

Darasin a fili yake. Shugaban makarantar da ke tura malamansa gona ya san abin da yake yi ba daidai ba ne, amma an aza masa adadi daga sama. Koyarwa ta yi amfani ne sa'ad da ta haɗu da abu uku: cire matsin da ke bisa wuyan mai tilastawa, da biyan ladan da zai jawo mutum da kansa, da kuma ƙofar kai kuka wadda ba ta jawo wa mai kuka bala'i. Dattawanmu da suka ga diban gwamna tsakanin 1942 da 1944, lokacin da Turawan mulki suka riƙa yanke wa kowace ƙasar sarki adadin mutanen da za a tura haƙar kuza a Jos, har da yawa suka gudu, wasu suka mutu saboda sanyi da cuta, ba sai an yi musu dogon bayani ba.

SARƘAR BASHI

Wancan tilas ne na hukuma. Na 'yan kasuwa yawanci da bashi yake zuwa. A watan Yuli 2020 hukumar kwastan ta Amurka ta tsare kayan kamfanin Top Glove na Malesiya, babban mai yin safar hannu ta roba da ake amfani da ita a asibitoci. Ma'aikatansa da yawa baƙi ne daga Bangladesh da Nepal, waɗanda suka ci bashi mai yawa don su biya dillalan da suka samo musu aikin. Mutumin da ya jinginar da gonar ubansa don ya sami aiki ba ya iya cewa a'a ga kome, ko da ƙofar masana'anta a buɗe take. Sai da kamfanin ya mayar wa ma'aikatan kuɗin da suka biya dillalai, ya kuma gyara masaukinsu, sa'an nan aka ɗage hanin a watan Satumba 2021. Daga irin wannan ne aka tsayar da ƙa'idar cewa kuɗin ɗaukar ma'aikaci a kan mai aiki yake, ba a kan mai neman aiki ba.

Wannan ne ya sa ɗan'uwanmu ya sami takarda. Ingila ta kafa doka a 2015 wadda ta wajabta wa manyan kamfanoni su bayyana kowace shekara matakan da suka ɗauka a kan bautar zamani, kuma koyar da ma'aikata yana cikin abubuwan da aka ambata. A ƙarshen 2024 Tarayyar Turai ta kafa dokar hana sayar da duk kayan da aka samar da aikin tilas a kasuwanninta, wadda za ta fara aiki sosai a watan Disamba 2027.

ME SHARI'A TA CE?

Imamu Buhari ya ruwaito hadisi ƙudusi daga Abu Huraira, Allah Ya yarda da shi, wanda ke nuna cewa akwai mutum uku da Allah da kanSa zai zama abokin shari'arsu ranar ƙiyama. Biyu daga cikinsu maganarmu ce ta yau: wanda ya mai da ɗa abin sayarwa ya ci kuɗin, da wanda ya gama morar aikin ɗan ƙwadago ya hana shi lada. Suratun Nisa'i ta sa yardar juna sharaɗi a cikin ciniki, ƙwadago kuwa a wurin malaman fiƙihu ciniki ne na amfanin jiki: sai da yarda, da sanannen lada, da sanannen aiki ko wa'adi. Malaman Malikiyya sun tabbatar da cewa wanda ya ƙwaci ɗa ya sa shi aiki, biyan ladan wannan aiki ya hau kansa, kuma wanda ya sayi abin ƙwace alhali ya sani, ya shiga cikin lamuninsa.

Wani zai ce, ai Shari'a ba ta ɗora wa mai saye ya binciki asalin duk abin da ya gani a kasuwa ba. Gaskiya ne, ga mai sayen mudu ɗaya. Amma Imamu Gazali, a babin halal da haram na littafinsa Ihya'u, ya bambance tsakanin inda tambaya take waswasi da cutar da Musulmi, da inda alama ta bayyana har tambaya ta zama tilas. Attajirin da ke sayen tireloli, wanda shi ke yanke farashi, shi ke yanke ranar kawo kaya, ba ɗaya yake da mai sayen mudu ba. In dillali ya kawo maka farashin da ka san bai isa biyan ma'aikata ba, to, ruwa ba ya tsami banza. Suratul Ma'ida kuwa ta hana taimakon juna a kan zunubi da ƙetare haddi.

Ita koyarwar ma tana da asali. Tirmizi ya ruwaito cewa Sayyidina Umar ya hana wanda bai fahimci hukuncin addini ba ya yi ciniki a kasuwar Musulmi. Duk wanda ya karanta Ahalari a zaure ya san an gaya masa tun farko cewa sanin hukunci yana gaba da shiga aiki. Malaman hadisi kuma ba su karɓi ruwaya ba don mutumin ƙarshe amintacce ne kurum. Sun bi silsila mutum bayan mutum, in suka tarar da wanda ba a san halinsa ba sai su raunana ta. Haka silsilar kaya take.

WA ZA A KOYA WA, KUMA ME ZA A KOYAR?

Kuskuren da aka fi yi shi ne a tara manya a otal, a yi musu lacca da Turanci, a raba takardar shaida, a watse. Waɗanda ke ganin lebura ido da ido su ne dillalin ƙauye, da ɗan kwangila, da shugaban leburori, da akawun biya, da ma'ajin sito, da direba, da mai gadi. Su za a koya wa, da harshen da suke ji, da misalai daga aikinsu, a kuma maimaita a farkon kowace kaka.

Na farko, a koya musu alamomi. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta lissafa goma sha ɗaya: cin zarafin mai rauni, da yaudara, da hana fita, da keɓe mutum daga jama'a, da duka ko lalata, da tsoratarwa, da riƙe takardun shaida, da riƙe lada, da ɗaure mutum da bashi, da mugun wurin aiki ko kwana, da aikin da ya wuce ƙima. Alama ɗaya ba ta isa hukunci ba, amma ta isa dalilin tambaya. Misali, 'yan ci-rani da aka kwaso a mota, aka ce za a cire kuɗin mota da na abinci daga ladansu, har kaka ta ƙare bashin bai ƙare ba. Ko mai gadin da ake riƙe masa albashin wata uku don kada ya tafi. Ko yaron da ke aiki, ladan kuwa yana tafiya aljihun wanda ya kawo shi.

Na biyu, a koya musu yadda ake dubawa. Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannunsa cikin tsibin abincin wani mai sayarwa, ya ji danshi a ciki, ya kama shi da algus. Bai tsaya a kan abin da aka shirya wa ido ba. Saboda haka a je ba tare da sanarwa ba, a lokacin da aiki ya yi zafi, a zanta da lebura shi kaɗai nesa da ubangidansa, mace ta zanta da mata. Tambayoyin ba su da wuya: Nawa aka yi maka alkawari, nawa ka karɓa? Ka biya wani kafin ka sami aikin nan? Ana bin ka bashi? Ina katinka? In ka so tafiya gobe, me zai same ka?

Na uku, a rubuta sharuɗɗa. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. A rubuta lada da wa'adi da duk abin da za a cire, a karanta wa wanda bai iya karatu ba a gaban shaidu, a kuma biya kowa a hannunsa ko a asusunsa, kada a damƙa wa shugaban leburori ya raba a ɓoye.

Na huɗu, a buɗe ƙofar kai kuka wadda ba ta bi ta hannun wanda ake ƙara ba, a kuma tabbatar wa ƙaramin ma'aikacin da ya tona asiri cewa ba zai rasa abincinsa ba.

Na biyar, a san abin yi in an gano ɓarna. Yanke hulɗa nan take yana wanke sunan attajiri, amma yana barin lebura cikin ramin da aka same shi. A fara da mayar da haƙƙi: a biya ladan da aka riƙe, a mayar da takardu, a yafe bashin zalunci, a ba dillali wa'adin gyara. In ya ƙi, a rabu da shi. In kuwa abin ya kai ga tsare mutane, ko duka, ko safarar yara, to, a kai ga hukuma. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya haramta aikin tilas a sashe na 34, kuma tun 2003 akwai hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane.

Na shida, wanda ya fi kowanne ɗaci, attajiri ya duba kansa. In ka koya wa akawunka duk waɗannan, sa'an nan ka ce lalle ya samo maka kaya a farashin da ba zai yiwu ba, cikin kwanakin da ba za su isa ba, kana kuma jinkirta biyan dillalai wata da watanni, to, kai ne gwamnan lardin nan na Uzbekistan. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

GA MA'AIKATAN GWAMNATI, DA MU KANMU

Gwamnati ita ce babbar mai saye a ƙasa. Jami'in da ke ba da kwangilar hanya, ko ginin makaranta, ko ɗinkin kayan sarki, yana da ikon sa sharaɗin biyan leburori a cikin yarjejeniya, ya kuma nemi ganin takardar biyansu kafin ya sa hannu a sallami ɗan kwangila. Wanda kuwa ke tura masinja ko direban ofis noma a gonarsa, su kuma suna zuwa don tsoron a yi musu canjin wurin aiki ko a hana su ƙarin girma, ya auna kansa da sharuɗɗan nan biyu da muka ambata a sama. Aikin gayya sunansa gayya ne muddin wanda bai zo ba ba abin da zai same shi.

Ba mu cire kanmu ba, mu masu zaure da almajirai. Yaron da iyayensa suka kawo amana don karatu, in hidimarsa ta cinye lokacin allonsa, ko aka yanke masa kuɗin da zai kawo kullum da barazanar bulala, to, mu ji tsoron ranar da za a tambaye mu.

Saboda haka muna ce wa ɗan'uwanmu mai riɗi: ka tara dillalanka kafin kaka, ka rubuta sunan kowane hannu da kayanka ke bi, ka je da ƙafarka ka gani, ka gyara abin da ka tarar, sa'an nan ka sa hannu a kan abin da ka sani, ka kuma faɗi gaskiya a kan inda bincikenka bai kai ba tukuna. Kamfanin da ya aiko maka takarda yana iya gamsuwa da sa hannu. Wanda zai tsaya wa lebura ranar ƙiyama kuwa ba a yi maSa algus.

Allah Ya tsarkake mana abincinmu, Ya raba mu da haƙƙin bayinSa, Ya sa mu dace. Allah ne Mafi sani.